Zaɓa wa mota mai ƙwanji taya: daga hanyar zuwa aiki har filin tsere

Ranar da na fara shiga filin tsere da Mustang ɗina a nan Texas, ban kai la'asar ba. Bayan shiga ta uku, ta minti ashirin-ashirin, na fito na ajiye mota, sai wani ƙauri ya buge ni kamar ana ƙona roba a juji. Na tsuguna gaban tayar gaba ta hagu, na ga kafaɗarta ta waje ta ɓantale guntu-guntu, kai ka ce gafiya ce ta kwana tana gwaguya. Robar ta yi laushi har tana manne wa yatsa. Wani dattijo da ya ajiye Camaro kusa da ni ya leƙo, ya karanta rubutun gefen tayar, ya tambaye ni iska nawa na bari a ciki da safe. Na ce yadda na fito daga gida haka na shiga. Bai ce uffan ba, ya je ya ɗauko gejinsa ya ɗora a bawul. Ya nuna 43 a psi, ma'aunin iskar taya.

Laifina ne daga farko har ƙarshe. Tayar kowane-yanayi ce mai araha da wanda ya sayar mini da motar ya saka, irin wadda aka yi don zuwa kanti da kai yara makaranta, ni kuwa na ɗora mata aikin da ba nata ba.

Motocin da Amurkawa ke kira masu ƙwanji, wato su Mustang GT, Camaro SS, Challenger da Charger, halinsu ɗaya ne: ƙaton injin V8 a gaba, ƙarfi yana sauka a ƙafafun baya, ga kuma nauyi. Mustang GT ta 2018 tana da ƙarfin doki 460, nauyinta kusan kilo 1,700, kuma fiye da rabinsa a kan ƙafafun gaba yake. Camaro SS ta 2016 zuwa 2024 tana da 455. Challenger Hellcat ta 2015 zuwa 2018 tana da 707, nauyinta kuwa ya kai tan biyu. Mazda Miata, wadda ta cika filayen tsere a nan, kilo dubu da 'yan kai ce. Shi ya sa tayar da mai Miata zai yaba maka, ya ce ta yi masa shekara, kai tana iya ƙare maka a Asabar biyu. Nauyi zafi yake haifarwa, zafi kuma shi ke cin taya. Kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan zafin yake tafiya.

Mataki na farko: ƙirga kwanakinka

Kafin ka buɗe shafin masu sayar da taya, ɗauki takarda ka rubuta sau nawa ka shiga fili a bara. Bara na ce, ba abin da kake burin yi bana ba, domin kowannenmu a zuciyarsa duk wata zai je. Sannan ka rubuta mil nawa kake ci a shekara a kan titi, da irin sanyin garinku, da yawan ruwan sama.

Idan kwana ɗaya zuwa uku ne a shekara, kuma har yanzu da malami a gefenka kake shiga, taya kashi ɗaya ta ishe ka, in dai ka zaɓi mai kyau. Idan ka kai biyar ko shida, ko ka fara wuce mutane a rukunin tsakiya, taura biyu ba za ta taunu ba: rim kashi biyu kake bukata, ɗaya na titi, ɗaya na fili. Ni sai da na yi asarar tayoyin gaba har sau biyu kafin na yarda da wannan lissafin.

A nan filin da ke da kwanoni nake nufi, irin su Circuit of the Americas a Austin ko Road Atlanta, inda ƙungiyoyi kamar SCCA, ƙungiyar masu tseren mota ta Amurka, suke shirya ranakun koyon tuƙi. Mai zuwa miƙaƙƙen layin rubu'in mil harkarsa daban ce: shi taya mai laushin gefe yake nema a baya, irin Nitto NT05R da Dodge ta saka wa Challenger Demon a 2018. Wannan tayar a kwana lilo take yi, a ruwa kuwa sai addu'a. Kada ka haɗa ta da wannan zancen.

Mataki na biyu: karanta abin da ke jikin motarka

Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda mai ɗauke da girman tayar da kamfani ya saka da iskar da ya ce a ba ta. A yawancin Mustang GT 32 ne a ma'aunin psi. Sai ka tsuguna ka karanta gefen tayar. A ce ka ga 275/40ZR19 105Y XL.

275 faɗinta ne a milimita. 40 tsayin gefenta ne, amma a matsayin kaso na faɗin: kashi 40 cikin 100 na 275, wato milimita 110. 19 girman rim ne a inci. 105 lambar nauyi ce, tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 925. Da 100 ne, kilo 800 ke nan, 96 kuwa kilo 710. Harafin Y gudun da aka gwada ta ne, kilomita 300 a sa'a. W 270 ne, V 240, H 210. XL na nufin an ƙarfafa jikinta don ɗaukar kaya fiye da takwararta.

Mutane kan kalli faɗi su manta da lambar nauyi, alhali a waɗannan motocin ita ce ta farko. Idan ka taka birki daga gudu mai yawa ka karya kwana, kusan duk nauyin hancin motar kan taya ɗaya yake taruwa. Kada ka sauka ƙasa da lambar da ke takardar ƙofa ko da maki ɗaya. Mai Challenger da Charger ya fi kowa bukatar kiyaye wannan, domin akwai tayoyin fili masu daɗi da yawa da ba a yi su don tan biyu ba. Harafin gudu ma, W ko Y. Ba don za ka kai 270 ba, sai don tayar da ta samu wannan harafin ita ce wadda aka gina don jure zafi.

Mataki na uku: zaɓi irin robar

Nan ne gizo ke saƙar. A gefen kowace tayar da ake sayarwa a Amurka za ka ga an rubuta TREADWEAR da lamba a gabansa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ce ta kafa tsarin: ana tuƙa tayar mil 7,200 a hanyoyin da ke kewaye da San Angelo a yammacin Texas, a kwatanta cinyewarta da wata tayar gwaji mai maki 100. Mai 300 ke nan ta ninka ta uku a daɗewa. Sai dai kamfanin da ya ƙera tayar shi ke ba kansa makin, kuma doka ta yarda ya rubuta ƙasa da abin da ya samu. Don haka lambar tana gaya maka ajin tayar ne kawai. Kada ka ce 340 ta wani kamfani lallai ta fi 300 ta wani daɗewa.

Masu 500 zuwa sama su ne na kowane yanayi. Akwai nagari a cikinsu, kamar Michelin Pilot Sport All Season 4 da Continental DWS06 Plus, kuma ga mai zama inda ake sanyi sun dace da titi ƙwarai. Amma zanensu yankakke ne ƙanana-ƙanana don ya kama ruwa da ƙanƙara, waɗannan ƙananan yankan kuwa su ne ke murɗewa su yi zafi su ɓalle idan mota mai nauyi ta danne su a kwana. Wanda bai taɓa shiga fili ba zai iya lallaɓa rana ɗaya da su. Daga nan kuma a'a.

Masu 300 zuwa 340 su ne tayoyin bazara: Michelin Pilot Sport 4S mai 300, Continental ExtremeContact Sport 02 mai 340, sai Firestone Firehawk Indy 500 (500 ɗin nan suna ne, ba maki ba) ga mai lallaɓa aljihu. Ga wanda zai yi taya kashi ɗaya, nan zan tsayar da shi, ba na ko tantama. Suna kama busasshiyar kwalta, a ruwa ma sun fi yawancin na kowane yanayi, ba su da ƙara, kuma suna da wani hali da sabon shiga ke bukata fiye da riƙo: suna magana. Kafin su saki sai sun yi kuka, ka ji sitiyari ya yi sakwaf, ka sassauta. A haka mutum yake koyon inda iyaka take. Rauninsu shi ne bayan zagaye biyar ko shida na matsi a rana mai zafi sai ka ji motar ta fara zamewa kamar an shafa wa kwalta man gyaɗa. Idan ka ji haka, yi zagaye ɗaya a hankali su huce. Wanda ya ci gaba da dannawa shi ke komawa gida da ɓantalalliyar kafaɗa.

Sai ajin 200, wanda ya yi kasuwa saboda SCCA ta sa 200 ya zama mafi ƙarancin makin da za a shiga rukunin motocin titi da shi. Kamfanoni suka shiga gasar cusa riƙo a ƙarƙashin wannan lambar, har ta zama suna kawai. Su ma gida biyu ne. Akwai masu zafin nama, kamar Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052, waɗanda ke ba da mafi kyawun lokaci a zagayen farko-farko. Mai neman kofi su yake saye. Akwai kuma masu juriya, kamar Hankook Ventus RS-4 da Continental ExtremeContact Force, da aka yi don doguwar tsere. Ba su kai na farkon riƙo ba, amma yadda suka fara da safe haka za su ƙare da yamma. Ga mota mai kilo 1,700 wadda mai ita ba kofi yake nema ba, masu juriyar nake zaɓa. Goodyear Eagle F1 Supercar 3, mai 220, wadda Chevrolet ta saka wa Camaro SS 1LE, ita ma a wannan unguwar take, kuma da mota mai nauyi aka yi ta tun asali.

Za a iya zuwa aiki da tayar 200? Ana yi. Amma ka san abin da ka saya: tana gurnani a babbar hanya, tana kwasar tsakuwa tana watsa wa bodi, zanenta ba shi da zurfi tun tana sabuwa, kuma duk fitar da ka yi ta yi zafi ta huce robar na ƙara tauri. Sai ka wayi gari zane na nan amma riƙon ya tafi, ka ƙarar da shi a hanyar ofis.

Ƙasa da haka akwai Michelin Pilot Sport Cup 2 mai 180, da masu 100 irin su Toyo R888R da Nitto NT01, har zuwa Hoosier R7 mai 40 wadda kamfaninta da kansa ya ce ba ta titi ba ce. Sabon shiga ya bar su. Suna rufe kuskure har sai gudu ya yi yawa, sannan su saki ba sallama. Ƙarin riƙon kuma birki da man giya da shokozoba ne ke biyan kuɗinsa.

Maganar sanyi kuma. Tayar bazara, ko 300 ko 200, tana fara rasa riƙo idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas. Kamfanin General Motors ya gargaɗi masu Camaro da Corvette cewa a kusan digiri 7 ƙasa da sifili robar na iya tsagewa idan aka motsa motar. Kada ka ce ai kudu nake: a Fabrairun 2021 Texas ta daskare kwana da kwanaki. Mai zama Michigan ko Minnesota kuwa dole ya tanadi tayar hunturu, babu ja.

Mataki na huɗu: girma, da batun daidaita gaba da baya

Da yawa daga cikin waɗannan motocin daga kamfani tayar baya ta fi ta gaba faɗi. Mustang GT mai Performance Pack, wato ƙarin kayan gudu da Ford ke saka mata, tana zuwa da 255/40R19 a gaba, 275/40R19 a baya. Camaro SS 245/40R20 da 275/35R20. An yi haka ne don idan direba ya wuce gona da iri, hancin motar ya fara zamewa kafin baya, wanda ya fi sauƙin gyarawa. A titi dabara ce mai kyau. A fili kuwa tana nufin tayar da ta fi kowace shan wahala ita ce ta fi kowace ƙanƙanta, kuma ba ka da halin mayar da ta gaba baya.

Maganin da masu Mustang suka daɗe da ganowa shi ne a sa girma ɗaya a duk ƙafa huɗu. Rim mai inci 19 da faɗin inci 10, da taya 285/35R19, shi ne sanannen haɗi a Mustang ta 2015 zuwa 2023, kuma yana shiga ba tare da an yanka komai ba idan zurfin rim ɗin ya dace. Motar takan yarda ta juya, sannan bayan kowace rana a fili ka mayar da na gaba baya. Wannan juyin kaɗai yana ƙara wa tayoyi kwana sosai. Ford da kanta ta yi haka a Performance Pack na biyu, inda ta sa 305/30R19 gaba da baya. Sai dai 305 a gaba tana bin duk wani kwarin da manyan motoci suka yi wa kwalta, sitiyari ya riƙa fizgar hannunka. A motar zuwa aiki abin yana gundura. 285 ta fi zama lafiya.

Kafin ka canza girma, yi lissafin tsayin tayar. Ninka tsayin gefe biyu, ka ƙara girman rim a milimita; inci 19 milimita 482.6 ne. 275/40R19 ta ba da kusan 703. 285/35R19 ta ba da 682. Bambancin kusan kashi 3 cikin 100 ne, wato allon gudu zai nuna 100 kana kan 97. Wannan ba damuwa. Idan ka wuce haka da yawa, ko ka sauya yadda tsayin gaba yake da na baya sosai, kwamfutar da ke kula da birki da santsi za ta iya rikicewa, domin juyin ƙafafun take ƙirgawa.

Abu biyu da ake yawan tuntuɓe a kansu. Na ɗaya, cusa faffaɗar taya a siririn rim. Kowane girma yana da iyakar faɗin rim da kamfani ya amince. 285/35 tana son inci 9.5 zuwa 11. Idan ka matse ta a inci 9, gefenta zai kumbura, ta riƙa lanƙwashewa a kwana, 265 da ta zauna daram ta fi ta aiki. Na biyu, birki. Rim na inci 18 ya fi araha, tayarsa ma haka, amma birkin Brembo mai faifan inci 15 da ke gaban Performance Pack ba kowane 18 yake shiga ba. Ramukan noti ma sun bambanta: Mustang 5x114.3 (ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 114.3), Challenger da Charger 5x115, Camaro 5x120. Na farko da na biyu sun yi kusa har rim ɗin zai shiga, amma ba ɗaya ba ne, kuma ba a fili ake gwada irin wannan ba.

Mataki na biyar: idan rim kashi biyu ne

Wanda ya kai nan ya huta. Na titi ka sa musu abin da garinku ke so, na bazara ko na kowane yanayi. Na fili ka sa musu 200 mai juriya a girma ɗaya. Da farko kuɗin zai yi ciwo, tayoyi huɗu a wannan girman sun haura dala dubu, ga kuɗin rim. Amma daga nan kowace taya aikinta take yi, ba mai cin rabon wata.

Ka sayi na'urar auna iska ta cikin bawul ga kashi na biyun ma, in ba haka ba fitila za ta dame ka. Ka tanadi jak mai kyau, da sandunan tokare mota, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Notin Mustang na waɗannan shekarun 150 ake ɗaure shi a ma'aunin lb-ft. Sauran motoci a duba littafinsu. Ni daren Juma'a nake canzawa a gareji, in tuƙa zuwa fili a kansu, in duba notin da safe. Ba a ɗaure noti rim na da zafi, a bari ya huce.

Mataki na shida: kamba

Da wannan ya kamata in fara, don rashinta ne ya cinye mini tayoyin gaban da na ambata. Idan mota ta shiga kwana tana kwantawa waje, tayar ta koma tana tafiya a kan kafaɗarta. Kamba ita ce ɗan karkatar da saman tayar ciki tun mota na tsaye, yadda idan ta kwanta sai tafin tayar ya zauna sosai a ƙasa. Daga kamfani Mustang tana da kusan digiri 1 a gaba. Don fili ana son 2 zuwa 3, kuma galibi ba a samunsa sai an sa faranti na musamman a saman shokozoba. Ga motar da ke aiki biyu, tsakanin 2 da 2.5 ya wadatar.

Za a ce maka kamba tana cinye cikin taya a titi. Tana ci kaɗan, amma babban ɓarawon shi ne idan bakin tayoyin gaba ya buɗe waje. Ka ce wa mai alaimen ya bar su a miƙe, ko ya ɗan tsuke su kaɗan, ya kuma buga maka takardar awon ka ajiye. Sayen taya mai tsada ba tare da kamba ba zuba ruwa ne a kwando.

Mataki na bakwai: wajen saye

A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta. 2323 na nufin mako na 23 a 2023. Don fili, ka nemi wadda ba ta wuce shekara biyu ba, kuma huɗun su kasance kusan sa'o'in juna. Idan ka ga an karya farashin tayar fili ƙwarai, wannan lambar ka fara dubawa. 'Yan uwa da ke sauke irin waɗannan motocin a Abuja ko Kano, su ma ita ce abin dubawa kafin a sayi taya 'yar Kwatano, domin zane na iya zama cike robar kuwa ta mutu tuntuni. Da ramukan hanyoyinmu kuma, mai gefe 30 ko 35 rim za ta yi ta lanƙwasa muku. Ku tsaya a 40 ko 45.

Duba ko an rubuta OUTSIDE ko ROTATION da kibiya. Mai OUTSIDE za ta iya komawa hagu ko dama, mai kibiya kuwa gefe ɗaya take zama sai an cire ta daga rim. Wannan yana da amfani, domin filin da kwanoninsa suka fi yawa ta dama tayoyin hagu yake ci. Kada ka gauraya iri biyu gaba da baya. Sabuwar taya kuma ka ɗan yi kwanaki da ita a titi kafin fili, santsin masana'anta ya goge. Tayar da aka yi wa faci ta koma titi, ta gama da fili.

Mataki na takwas: ranar fili

Iska tana ƙaruwa da zafi, kusan psi 1 a duk digiri 5 ko 6. A fili mota mai nauyi na iya ƙara 6 zuwa 10 a shiga ɗaya. Abin da ya same ni ke nan. Taya mai iska 43 ta kumbura a tsakiya, tafinta ya ragu, ta yi ta zamewa, zamewar na ƙara mata zafi.

Abin da ake nema shi ne awon da taya ke nunawa tana da zafi. Ga yawancin tayoyin bazara da na 200 a waɗannan motocin, tsakanin 33 da 36 wuri ne mai kyau na farawa. Da safe ka rage zuwa 28 ko 29. Zagaye biyun farko ka bi a hankali, don taya mai ƙarancin iska da sanyi gefenta na wahala. Da ka fito, kafin ka cire hular kwano, kafin ka sha ruwa, zagaya da geji. Wadda ta wuce, rage ta. Rubuta lambobin huɗu a littafi. Za ka ga ba su zo ɗaya ba, ta gaba ta waje ta fi kowace hawa. Bayan shiga biyu ko uku za su tsaya. Fitilar iska na iya kunnawa da safe, tunda an saita ta ne ta yi gargaɗi idan iska ta ragu da kusan rubu'i. Gejin hannunka ka bi.

Sayi alli, ka ja layi uku daga kan zane zuwa gefen kowace tayar gaba. Bayan ka fito ka duba inda allin ya goge. Idan ya goge har ya gangaro kan rubutu, tayar na kwantawa da yawa: ko iska ta yi kaɗan, ko kamba ba ta isa ba, ko kuma kai ne kake shiga kwana da gudun da ya wuce kima kana ƙara murɗa sitiyari. Na ukun ya fi yawa, kuma ba a sayar da maganinsa a kanti. Idan hanci ya fara zamewa, ƙarin murɗawa goge roba kawai yake yi. Sassauta totur, ka ɗan warware hannu, tayar ta sake kamawa.

Idan hadari ya haɗo, mai tayar bazara mai cikakken zane shi ne sarkin fili ranar. Mai 200 da ta fara suɗewa ya yi hattara da inda ruwa ya kwanta, faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwa ta bar kwalta.

Da yamma, kafin ka kama hanya, ka jira tayoyin su huce ka mayar da iskarsu yadda takardar ƙofa ta ce. Wanda ya manta zai tarar da su a 25 washegari. Ƙaramin famfo mai batir ya isa, a but yake zama.

Sai duba na gida. Doka a yawancin jihohi ta tsaya a zurfin zane milimita 1.6, amma ga motar da za ta shiga ruwan sama, da ya kai 3 ka fara shirin canji. Murɗa sitiyari har ƙarshe ka shafa cikin tayar da hannu, domin da kamba daga ciki zare ke fara leƙowa, inda ido ba ya kaiwa. Kumburi a gefe, ko zare a waje, ko ɓantalewar da ta kai ƙasa, wannan tayar ta gama. Idan ta yi shuɗi-shuɗi a kafaɗa, ta sha zafi ne, ba lallai ta mutu ba, amma ka lura da riƙonta a fita ta gaba.

Tayoyin filin idan na cire su, nakan rubuta wa kowace inda ta fito da alli, in ƙara yawan kwanakin da ta yi, in wanke ƙurar birki, in sa su a manyan baƙaƙen leda. A kwance nake jera su a lungun gareji, nesa da taga da tukunyar ruwan zafi. Idan aka ce sanyi zai sauka ƙasa da sifili, sai in shigo da su ɗakin wanki, uwargida ta yi ta mita har ya wuce.